Kiyaye Haɗarin Ruwa a Jihar Kebbi

Kiyaye haɗarin ruwa ya ƙunshi dabaru da ƙa'idojin da masunta, 'yan fito, fasinjoji da masu ninƙaya ke bi don kauce wa nutsewa da kifewar jirgi. Kebbi ba ta da gaɓar teku, amma ƙasa ce ta ruwa: Kogin Neja, wanda ake kira Kwara, ya ratsa ta Bagudo da Yawuri, gulbin da ya sauko daga Sakkwato ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, tafkin Kainji kuma ya kwanta a gefen Ngaski.

Tarihi

A da, sanin ruwa gadon gida ne. Sarkawa, masuntan ƙasar Kabi, da Gungawa mazauna tsibiran Yawuri kan koya wa yaro iyo tun yana ƙarami, su nuna masa inda gulbi ke da zurfi da inda ruwa ke juyawa. Sarkin Ruwa ne ke ba da izinin shiga wasu gurabe, kuma shi ake nema idan ruwa ya ci mutum. Batun ikonsa a kan kada da iskokin ruwa kuwa, wasu sun yarda da shi, malamai da dama na musantawa.

Gora ita ce tsohuwar abin kariya. Masunci kan kifa cikinsa a kan babbar gora mai baki, homa, wato ragar kamun kifi, a hannu. Gorar ta riƙe shi a saman ruwa, kifin da ya kama kuma ya jefa a cikinta. Har yau haka ake gani a gulbin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda galibi ake danganta farkonsa a wannan siffa da shekarar 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Wasannin kabanci na bikin, irin su nutso da kamun agwagwar ruwa, gwajin wannan ƙwarewa ne.

Kammala madatsar Kainji a 1968 ya sauya ruwan Yawuri. Tafkin ya shanye ƙauyuka da gonaki da bishiyoyi, ya bar kututture a ƙarƙashin ruwa, wanda kan huda cikin jirgi.

Sanadin haɗari

Lodin da ya wuce kima shi ne kan gaba, musamman ranar kasuwa, inda ake haɗa mutane da buhunan hatsi da babura a kwalekwale ɗaya. Sai tsufan katako, tafiyar dare, iskar hadari da damina, da dorina. A ƙarshen watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya tarwatse kusa da Wara a Ngaski. Rahotanni sun ce yana ɗauke da mutum fiye da 150, kuma kaɗan ne suka tsira.

Kwara kan cika sau biyu a shekara: da damina, sannan da hunturu idan ruwan da aka yi a tsaunukan Gini ya iso. Cikar ta biyu kan yaudari baƙo, don a lokacin sama ba hadari.

Ƙa'idoji da ceto

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa rigar kariya, ta kuma hana tafiyar dare. Bin dokar ya bambanta daga mashigi zuwa mashigi.

Wanda ruwa ke ci ba kasafai yake iya ihu ba. Ana miƙa masa gwangwala ko igiya, ko a jefa masa jarka rufaffiya wadda ba komai a cikinta, domin yakan ƙanƙame wanda ya faɗa cetonsa su nutse tare. In an fito da shi ba ya numfashi, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna ƙirjinsa, a garzaya da shi asibiti. Ba a danna ciki ko a rataye shi kai ƙasa wai don ya amayar da ruwa.

Teku

Ɗan Kebbi da ya je bakin teku a Legas, ko da gwanin gulbi ne, ya kiyayi ruwan da ke ja zuwa ciki. Ba a kokawa da shi. Iyo ake yi a gefe, ana bin tsawon gaɓa, har a fita daga jansa.