Waiwaye: Klaus Teuber, mai ƙera haƙoran da ya ƙirƙiro wasan Catan

Ranar 1 ga Afrilu, 2023 aka yi rashin Klaus Teuber, Bajamushen da ya ƙirƙiro Catan, wasan tebur na gina ƙauyuka da musayar kaya a wani tsibiri, yana da shekara 70. A lokacin an sayar da kwalin wasan sama da miliyan 40, cikin harsuna fiye da 40. Da yawa daga masu buga shi ba su san cewa mai wasan ya shafe shekaru da dama yana ƙera haƙoran roba ba.

An haife shi ranar 25 ga Yuni, 1952 a ƙauyen Rai-Breitenbach da ke jihar Hesse. Sana'ar mahaifinsa ya gada, yana tafiyar da ɗakin ƙera haƙora kusa da birnin Darmstadt. Aikin bai kwanta masa a rai ba, ga wahalar riƙe kamfani. Saboda haka da dare sai ya sauka ɗakin ƙarƙashin gidansa, ya yi ta yanka kwali da katako yana harhaɗa wasanni. Matarsa da 'ya'yansa ne alƙalansa na farko. Ɗansa Benjamin kan ajiye mujallar barkwanci a gefensa idan za a gwada sabon wasa; da zarar yaron ya miƙa hannu gare ta, uban ya san da sauran gyara.

Ya kuma faɗo a kan gaɓa. Tun 1979 Jamus ke da lambar yabo ta gwarzon wasan shekara, Spiel des Jahres, wadda iyalai ke duba tambarinta kafin su sayi wasa. A 1983 aka fara bajekolin wasanni na birnin Essen. A 1988 kuma wasu masu ƙirƙirar wasanni suka sa hannu a Nuremberg cewa ba za su ƙara ba kamfani wasa ba sai an rubuta sunansu a jikin kwali. Kafin nan galibi kamfani kawai ake sani, wanda ya yi wahalar kuwa ko oho.

A wannan shekarar ta 1988 wasan Teuber na farko, Barbarossa, ya fito ya kuma ci lambar. Wasa ne da kowa ke mulmula wani abu da yumɓu, sauran su yi ta tambaya har su canki ko mene ne. Ya sake ci a 1990 da Adel verpflichtet, ya maimaita a 1991 da Drunter und drüber. Duk da lambobi uku bai iya ajiye aikin haƙori ba. A 1993 shi da wasu abokansa suka kafa ƙaramin kamfanin buga wasanni, TM-Spiele, inda ya koyi ɗaya ɓangaren harkar: bugawa da kai kaya kasuwa.

Catan ya samo asali ne daga karatunsa kan 'yan Viking, matuƙan jiragen ruwa na arewacin Turai a zamanin da, da yadda suka zauna a tsibirin Aislan. Me mutum zai fara nema idan ya sauka a ƙasar da ba kowa? Tsarin farko ya yi girma ainun, har ya raba shi. Daga sassan da ya cire ne aka samu wasannin Entdecker a 1996 da Löwenherz a 1997. Abin da ya rage shi ne kamfanin Kosmos na Stuttgart ya buga a 1995 da sunan Die Siedler von Catan, ya kawo masa lamba ta huɗu.

Sai an zauna kan teburin ake gane hikimar. Tsibirin faifai 19 ne masu kusurwa shida, ana sake jera su duk zama: daji, makiyaya, gona, tudu, dutse da hamada guda. Daga cikinsu ake samun katako, ulu, hatsi, tubali da tama. Hanya tana cin katako da tubali. Ƙauye yana cin waɗannan biyu haɗe da ulu da hatsi. Mai son mayar da ƙauye birni sai ya kawo hatsi biyu da tama uku. Wanda ya fara kai maki 10 shi ya ci. Kowane faifai banda hamada yana da lamba. Ana jefa dayis biyu, kuma duk wanda ke da ƙauye a gefen faifan da lambarsa ta fito zai kwashi amfani, ko da ba shi ya jefa ba. Don haka ba mai gyangyaɗi yana jiran layi. Lambobin 6 da 8 kowace na da hanya 5 cikin 36 ta fitowa, 2 da 12 kuwa hanya ɗaya tak, shi ya sa ake rububin wasu filaye tun farko. In 7 ta fito, a motsa ɗan fashi, ɗan gunkin da ke hana faifan da ya sauka a kai ba da amfani, mai riƙe da katin kaya fiye da bakwai kuma ya zubar da rabi.

Abin da ya fi burge ni shi ne da wuya ka mallaki kaya biyar ɗin kai kaɗai. Dole ka waiwayi wanda kake son kayarwa ku yi ba ni gishiri in ba ka manda: ulu biyu a kan tubali ɗaya, ana ja ana saki, na uku yana zuga kada a sayar wa wanda ke gaba. Kuma ba a fitar da kowa. A wasan Monopoly wanda ya tsiyace tashi yake ya bar saura su yi ta fama. A nan kowa na zaune har ƙarshe. Wannan, a ganina, ya fi duk adadin cinikin da ake ambata daraja.

Kamfanin Mayfair Games ya fitar da Catan da Turanci a Amurka a 1996. Ƙarin sassa suka biyo baya, na masu jiragen ruwa a 1997, na birane da jarumai a 1998. A ƙarshen shekarun 1990 ne Teuber ya bar haƙora kwata-kwata. A 2002 ya kafa Catan GmbH, kamfanin iyali mai riƙe da haƙƙin wasan yana ba wasu lasisin bugawa, 'ya'yansa Guido da Benjamin suka shigo ciki. Mujallar Wired ta yi masa dogon sharhi a 2009 lokacin da wasan ya kama Amurka sosai. A 2015 aka taƙaita sunan ya koma Catan kawai, a 2016 kuma kamfanin Asmodee na Faransa ya karɓi bugun Turanci daga hannun Mayfair. Bugun Jamusanci har yanzu Kosmos ke yin sa.