Sauya wa monstera tukunya da kula da ita bayan dashe

Monstera deliciosa, wadda masu sayar da fulawa ke kira monstera kawai, shuka ce mai hawa bishiya, asalinta dazuzzuka masu yawan ruwan sama daga kudancin Meziko har zuwa Panama. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Denmark, Frederik Liebmann, shi ya sa mata wannan sunan a 1849. Yanzu tana cikin shuke-shuken da aka fi ajiyewa a falo da ofis a duniya saboda manyan ganyenta masu tsaga da huji-huji. 'Yar dangin gwaza ce, dangin da masana ke kira Araceae, shi ya sa ruwan jikinta ke sa ƙaiƙayi, akwai ƙananan tsinaye na sinadarin kalsiyam oksalet a ganye da kara, in yaro ko mage ta tauna sai baki ya yi zafi ya kumbura. A daji tana hawa har mita 20, ganye ɗaya ya kai santimita 90, a ɗaki kuwa yawanci mita 2 zuwa 3 take tsayawa.

A can dajin nasu saiwarta ba a cikin taɓo take zaune ba. Cikin ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itace take ratsawa, wata saiwar ma a sarari take fitowa daga jikin kara ta kama bishiya, ruwa ya zubo ya jiƙa ta ya wuce. Wato saiwa ce mai son iska, kuma duk ƙa'idar sauya mata tukunya daga nan ta samo asali.

Yaushe ake sauyawa

Ƙaramar shuka mai saurin girma tana buƙatar sabuwar tukunya duk shekara ɗaya ko biyu, babba kuma takan kai shekara biyu zuwa uku. Amma ba kalanda ake bi ba, shukar ake dubawa. In saiwa ta leƙo ta hujin ƙasan tukunya, ko ka zuba ruwa ya zarce nan take ƙasa ba ta sha ba, ko ƙasar na bushewa cikin kwana ɗaya alhali da ba haka take ba, ko sabon ganye ya riƙa fitowa ƙarami ba kamar na baya ba, to wuri ya yi mata kaɗan. A Turai da Amurka ana yin aikin ne in sanyi ya wuce, wajen Maris zuwa Mayu. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa waɗannan watannin su ne tsakiyar zafin bazara, zafi na haura digiri 40, gara a jira farkon damina lokacin da iska ta yi laima. Hunturu ma ba lokaci ba ne mai kyau, iska a bushe take ƙarau. Sai dai in saiwa ta fara ruɓewa, wannan kam ba a jiran lokaci. Wadda aka sayo yau kuma a ƙyale ta ta yi sati biyu ko uku ta saba da gidan tukuna.

Tukunya da ƙasa

Nan ne mutane da yawa ke kashe shukarsu da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga fulawarsa ta yi kyau sai ya sayo mata ƙatuwar tukunya wai ta sake, to ai ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ba mai shan ruwan da ke cikinta, sai ta zauna jiƙe sharkaf kwana da kwanaki, iska ta ƙare a ciki, ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Phytophthora su samu wuri, saiwa ta ruɓe. Abin da ya dace shi ne sabuwar tukunya ta fi tsohuwar faɗin baki da santimita 2 zuwa 5, shikenan. Kuma dole ta zama mai huji a ƙasa. In kwalliya ake so, a dasa a ta roba mai huji sannan a zura ta cikin mai kyan, in an yi ban ruwa a zubar da wanda ya taru.

Tukunyar ƙasa wadda ba a yi wa fenti ba tana tsattsafo kamar randa, ƙasar cikinta na saurin bushewa, dan haka ta fi dacewa da mai yawan ban ruwa. Ta roba ta fi riƙe danshi, ga rashin nauyi, amma in shukar ta girma takan kife. Ta siminti ba ta kifewa, sai dai ranar fitar da shuka daga cikinta aiki ne ja. Akwai kuma al'adar zuba tsakuwa a gindin tukunya wai dan ruwa ya wuce, gaskiya ba ta taimakawa, ruwa ba ya saurin sauka daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai ma ya tsaya sama da ita kusa da saiwa. Ɗan fasasshen kasko ko guntun raga a kan hujin ya isa.

Ƙasar kuma a yi mata haɗi mai sako-sako. A ƙasashen waje ana haɗa ƙasar tukunya ta kanti da ɓawon itace da wani farin dutse mara nauyi mai suna perlite. In babu su, ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen taki da yashi mai tsakuwa-tsakuwa da gutsattsarin gawayi da ɓawon kwakwa ko buntun shinkafa suna yin aikin. Laka zalla ba ta yi, in ta jiƙe ta cuɗe, in ta bushe ta ƙame. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa, sai wanda ya daɗe ya ruɓe ya daina wari. Gwajin mai sauƙi ne, ka jiƙa haɗin ka dunƙula a hannu, in ka buɗe hannun ka taɓa da yatsa ya wargaje to ya yi.

Yadda ake yi

A ba ta ruwa kwana ɗaya kafin aikin dan ƙasa ta saki jikin tukunya. A sa safar hannu saboda ƙaiƙayin nan. A kwantar da tukunyar a gefe, a bubbuga ko a matsa jikinta, a tallafi gindin shukar a zaro a hankali, kar a ja ta da ganye. In tukunyar roba ce ta ƙi saki, gara a yanka robar da a tsinka saiwa.

Sai a tsaya a duba saiwar da kyau. Mai lafiya fara ce ko ruwan madara, kauri gare ta, in ka latsa da tauri. Ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa, ta yi laɓo-laɓo, fatarta na saɓulewa a yatsa ta bar ɗan zare a ciki, wani lokaci har da wari. Duk irin wannan a yanke ta da almakashin da aka goge da sifirit. Wadda ta nannaɗe a gindi a warware ta da yatsu a hankali, ba sai an kakkaɓe tsohuwar ƙasa duka ba in dai lafiya lau take. A zuba sabuwar ƙasa a ƙasan tukunya, a zaunar da shukar daidai zurfin da take a da, in an binne kara ya wuce haka yakan ruɓe. In za a kafa mata sandar hawa yanzu ne lokacin, tun ana ganin inda saiwa take, a jingina ta ta bayan kara inda saiwar sama ke fitowa, a ɗaure karan da tsumma sako-sako banda hannun ganye. A cike gefe-gefe, a danna kaɗan kawai, a bar kamar santimita 2 daga baki. Saiwar sama masu tsawo ana iya karkato su cikin ƙasar ko a bar su yadda suke. Sannan a yi ban ruwa har sai ya fito ta huji.

Bayan dashe

Sati na farko da na biyu ganye kan yi laushi ya sunkuya, tsohon ganye ɗaya ko biyu na ƙasa ya yi ɗorawa ya mutu, wannan ba abin tashin hankali ba ne, ƙananan gashin saiwa masu shan ruwa ne suka kakkarye suna sake tohowa. Matsalar ita ce mai shuka ya ga haka sai ya ɗauka ƙishi ne ya yi ta tuttula ruwa safe da yamma, alhali sabuwar ƙasa ta fi tsohuwar riƙe ruwa. A zura yatsa, sai saman ƙasa kamar santimita 3 zuwa 5 ya bushe sannan a ƙara. Taki kuma a dakata sati huɗu zuwa shida, in an tashi bayarwa a tsinka shi sosai da ruwa, NPK ɗin gona in an barbaɗa da yawa a tukunya ƙona ta zai yi.

A mayar da ita inda ta saba, wuri mai haske amma ba rana kai tsaye ba, kusa da taga mai labule ko baranda mai inuwa. Ranar tsaka tana babbaka ganye, kuma wurin da ya ƙone ba ya warkewa. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 30, ƙasa da 10 girma ke tsayawa. Kar a ajiye ta saitin iskar esi. Da hunturu bakin ganye kan bushe ya koma ruwan ƙasa, ƙura ta lulluɓe shi, a riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma sama da ƙasa, ana yi ana duba bayan ganye dan ƙananan jajayen ƙwari masu saƙar gizo-gizo da fararen nan masu kama da auduga sun fi yawa a irin wannan lokacin, ruwan sabulu kaɗan yana rage su.

In ganye da yawa suka yi ɗorawa lokaci guda ga ƙasa a jiƙe, gindin kara ya fara laushi, to ruɓa ce, a sake zaro ta a yanke abin da ya lalace a dasa a ƙaramar tukunya. In saiwar ta tafi gaba ɗaya, a yanko kara mai lafiya wanda ke da gaɓa aƙalla ɗaya, an fi so mai 'yar saiwar sama a jiki, a tsoma a ruwa mai tsafta ana canza shi duk bayan 'yan kwanaki, cikin makonni zai fitar da sabuwar saiwa. Ganye zalla mara gaɓa ba ya zama shuka ko ya daɗe a ruwa.