Sunan mamaci a rajista ba ƙuri'ar mamaci ba ce

Da zarar zaɓe ya ƙarato sai ka ji ana cewa, "An ga sunayen mamata a rajista, ke nan an yi maguɗi." Ba lallai ba ne. Rajista jerin waɗanda suka cancanci yin zaɓe ne, na waɗanda suka jefa ƙuri'a daban yake.

Mutum ya rasu, iyalansa na zaman makoki, wa zai tuna da hukumar zaɓe? Sunansa na nan daram har ranar da labarin ya isa ofis, wani lokacin sai bayan shekaru. Haka wanda ya ƙaura ya yi sabuwar rajista bai soke tsohuwar ba. A 2012 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta ƙiyasta cewa mamata sama da miliyan 1.8 na cikin rajistar Amurka, kuma abin da ta nuna tsufan bayanai ne.

Gaggawar share sunaye ma, a ganina, ta fi haɗari. Mutum biyu su yi suna ɗaya, sai a goge mai rai a bar mamacin. Dokar rajistar masu zaɓe ta Amurka ta 1993 ta ce wanda ake zaton ya ƙaura a fara aika masa sanarwa, in bai amsa ba a jira manyan zaɓukan tarayya biyu kafin a cire shi.