Waiwaye: daga fahas na aure zuwa almakashin da ke yanka ƙwayar gado

Maganar nan a gidan yayata ta taso, can Shara Mansur a Makka, bayan isha'i ana shan shayi. Ɗanta ne ya je fahas na aure, wato gwajin jini kafin aure, shi da yarinyar da yake nema, sakamako ya fito dukkansu biyun AS ne, likita ta zaunar da su ta ce kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi sikila. Yaro ya dawo gida ido jajir amma wai da hujjarsa, ya ce min Kawu ai yanzu an wuce wannan zamanin, ana shiga cikin ƙwayar halitta a gyara, Saudiyya ma ta amince da maganin. Hajiyarmu na gefe da carbi ta ce a'uzubillahi, wato halittar Allah za ku canza? Daga nan gida ya kaure, kowa na magana ba mai sauraro. Ni dai na yi shiru don na ga kowannensu ya riƙo wani yanki na gaskiya ne, kuma labarin ya girmi kakan Hajiya ma.

To bari mu koma baya. A 1859 wani Bature ɗan Ingila Charles Darwin ya fitar da littafinsa kan yadda halittu ke sauyawa a tsawon zamani, wanda ya dace da muhallinsa ya rayu ya hayayyafa, wanda bai dace ba ya ƙare. Shi kansa bai san ta wace hanya ɗa ke gadon ubansa ba. Wanda ya hango wannan wani malamin coci ne Gregor Mendel da ya share shekaru yana auratayya tsakanin irin wake a lambu yana ƙirgawa, ya buga sakamakonsa a 1866 ba wanda ya kula shi sai wajen 1900 bayan ya mutu. Lissafin ɗaya cikin huɗun nan da likita ta faɗa wa ɗan yayata, wallahi daga waken Mendel ya fito.

Inda abin ya fara lalacewa shine wajen wani ɗan uwan Darwin ɗin, Francis Galton. Shi ya ce tunda ana zaɓen iri a dawaki da shanu me zai hana a yi wa mutane, a 1883 ya raɗa wa abin suna yujeniks, wato gyaran iri. Kar ka ɗauka mahaukata ne suka bi shi, manyan farfesoshi ne da alƙalai. Jihar Indiyana a Amurka ta yi doka a 1907 ta dandaƙe mutanen da aka ce ba su cancanci haihuwa ba, kotun ƙolin ƙasar ta goyi bayan irin wannan doka a 1927, kafin a gama an yi wa sama da mutum 60,000, talakawa da masu taɓin hankali da waɗanda kawai wani jami'i ya ga ba su yi masa ba. Jamus ta Hitila ta yi tata dokar a 1933, wajen mutum 400,000, daga dandaƙa kuma aka zarce kisa. Duk wannan fa an yi shi tun ba a san ma siffar DNA ba, wato sinadarin da ke ɗauke da rubutun gado, sai 1953 Watson da Crick suka bayyana ta da taimakon hotunan ɗakin binciken Rosalind Franklin. Kaga kenan ba sai da na'ura aka yi ta'asar ba, wuƙar likita da sa hannun alƙali sun isa.

Yanzu ga inda ya shafe mu kai tsaye. Sikila an fara rubuta ta a littafin likitocin Turawa a 1910 a Shikago, alhali mu mun daɗe da saninta, amosanin jini, yaron da sanyi ke kayarwa, uwa ta haifi takwas ta binne biyar a ce wai ɗan wabi ne. A 1949 Linus Pauling ya nuna matsalar a cikin sinadarin jan jini take, daga baya aka gano harafi ɗaya tak ne ya sauya a cikin rubutun gado mai haruffa wajen biliyan 3. Sai a 1954 wani likita da ya tashi a Kenya, Anthony Allison, ya nuna abin da har yau yake ba ni mamaki: mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa abin ya yi yawa a inda sauro ya yi yawa, a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da shi. Wato kakanninmu da suka rayu a ƙasar sauro ba magani ba gidan sauro, wannan harafin da muke kira lahani yana cikin abin da Allah ya tsare su da shi har muka zo duniya. Idan masana na maganar sauyawar ɗan Adam, misalin da suka fi kawowa kenan, shi da na madara, yadda cikin Bafulatani da na Balaraben ƙauye mai raƙuma ke narkar da ɗanyen nono har tsufa alhali yawancin mutanen duniya ba sa iyawa. Ni a wajena asalinmu Annabi Adamu ne da Nana Hauwa'u, wadda nan Jidda ma akwai maƙabartar da ake dangantawa da ita, wannan bai hana ni ganin cewa jinin zuriyarsu ya bi ƙasa da abinci da cuta ya ɗan sassauya ba, ai ga shi a takardar fahas.

Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba, shi Pauling ɗin nan mai kyautar Nobel har biyu, a 1968 ya rubuta cewa kamata ya yi a yi wa masu ɗauke da irin wannan gadon tambari a goshi don kar su fara son juna. A Amurka kuma an yi shekaru ana hana masu AS shiga makarantar sojan sama har 1981, kuma kusan dukkansu baƙar fata ne. Na faɗa wa yayata wannan ne don ita ma ta fara cewa yarinyar “ba ta da jini mai kyau”, na ce Yaya naki ɗan fa, ai jininsu iri ɗaya ne.

Gyaran ƙwayar gado na gaske ya fara ne a 1973 da wasu masana biyu a Kalifoniya, Cohen da Boyer, suka yanko gado daga wata halitta suka dasa a ƙwayar bakteriya. Su kansu masanan tsoro ya kama su, suka dakatar da wasu gwaje-gwajen da kansu suka yi taro a Asiloma ta Kalifoniya a 1975 suka sa wa kansu ƙa'ida. Amfani bai daɗe ba ya fito, a 1982 aka fara sayar da insulin ɗin mutum da bakteriya ke haɗawa, kafin nan daga cikin shanu da aladu ake tatsowa. Hajiya da ke cewa a'uzubillahi allurar sugan da take yi kullum safe da yamma daga wannan ilimin ta fito, da na gaya mata sai ta ce kai dai Allah ya shirye ka.

Sai tunkiya Doli, an haife ta a Sikotilan a Yulin 1996 ba tare da rago ba, kwafin wata tunkiya, bayan gwaji 277, aka sanar wa duniya a Fabrairun 1997. Wanda yake da wayo lokacin ya tuna yadda aka yi ta huɗuba a kai. Kuma a nan kusa da mu aka zauna aka yi hukunci, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta yi zamanta na goma a Jidda a 1997 ta haramta kwafin ɗan Adam, ta halatta amfani da ilimin a tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu cikin iyakar shari'a. A 1998 kuma, watan Rajab 1419, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar musulmi ta duniya, a nan Makka ta duba gyaran ƙwayar gado shi kansa, ta ce ya halatta don rigakafin cuta ko magance ta ko rage raɗaɗinta matuƙar ba zai jawo cutar da ta fi ba, amma ba a yarda a yi wasa da halittar mutum da sunan inganta irin ɗan Adam ba. Wato ayar Suratun Nisa'i da Hajiya ke nufi, inda Shaiɗan ya yi alwashin sa mutane su canza halittar Allah, malaman sun haɗa ta da hadisin da ya ce ku nemi magani bayin Allah, suka ja layi a tsakani. A ganina sun yi saurin fahimtar inda haɗarin yake, don layin da suka ja kusan shine wanda duniya ke ta gardama a kai har yau.

Hanyar dai ba ta zo da sauƙi ba. A 1999 wani saurayi ɗan shekara 18 Jesse Gelsinger ya mutu a Amurka wajen gwajin maganin gado, aikin ya tsaya cak na wani lokaci. A 2003 aka kammala karanta rubutun gadon ɗan Adam, shekara ɗaya bayan nan, 2004, Saudiyya ta wajabta fahas kafin ɗaurin aure don sikila da talasimiya, wata cutar jini ta gado, a 2008 aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta. Fahas ɗin dole ne amma idan sakamakon gado bai dace ba ba a hana ku aure, ana yi muku bayani ne a bar ku da zaɓinku, kuma wannan bambancin babba ne idan ka tuna Indiyana. Kano ma ta yi tata dokar gwajin a 2024.

A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka fito da CRISPR, almakashin da ake aikawa ya je daidai layin da ake so a cikin rubutun gado ya yanka, mai arha mai sauƙi, suka ci Nobel a 2020. Sauƙin nan ne ya jawo abin da ake tsoro. Nuwamban 2018 wani masani a Shenzen ta ƙasar Sin, He Jiankui, ya fito a YouTube ya ce an haifi 'yan biyu mata da ya taɓa musu gado tun suna ɗan tayi, wai don kar su kamu da ƙanjamau saboda ubansu na da ita. Alhali akwai hanyoyin kare jariri daga ƙanjamau da aka daɗe da sani, yaran kuma lafiyarsu lau ba abin da ke damunsu, gyaran ma bai fita yadda ya tsara ba, kuma duk abin da ya canza zai bi 'ya'yansu da jikokinsu waɗanda ba wanda ya tambaye su. Ga kuma abin da ya tuna min da sikila, ita ƙwayar da ya lalata, rashinta na kare mutum daga ƙanjamau amma yana sa wata cutar da sauro ke yaɗawa ta fi yi masa illa. Ka toshe wannan ƙofa ka buɗe waccan. Kotu ta ɗaure shi shekara uku a ƙarshen 2019, ya fito a 2022.

To maganin da ɗan yayata ke taƙama da shi daban ne da wannan, kuma gaskiyarsa akwai shi. Sunansa Casgevy, Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka da Bahrain a Disamba, Saudiyya a Janairun 2024, ga 'yan shekara 12 zuwa sama. Ana ɗebo ƙwayoyin ɓargon mara lafiyar ne a kai ɗakin bincike, a yanka wani makunni da ke kashe jinin jarirantaka bayan haihuwa, sai jiki ya koma yin irin jinin da ɗan tayi ke da shi wanda ba ya lanƙwashewa. Abin sha'awa, mutanen Ƙaɗif da Ahsa a gabashin ƙasar nan sikilarsu ta fi sauƙi saboda da ma jinin jarirantakar nan na da yawa a jikinsu, su kuma na Jizan irin tamu ce ta Afirka ta yamma mai tsanani. Wato likitocin sun kwaikwayi abin da Allah ya riga ya yi ne a wasu bayinsa.

Amma ga abin da yaron bai karanta ba. Kafin a mayar maka da ƙwayoyin sai an ba ka maganin ciwon daji mai ƙarfi ya share tsohon ɓargon, gashi ya zube, ka yi makonni a asibiti, kuma yana iya hana haihuwa gaba ɗaya. Bayan haka maganin jininka kawai ya gyara, abin da za ka gadar wa ɗanka na nan yadda yake. Sai kuɗin, farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2, da kuɗinmu ya haura riyal miliyan 8, mutum ɗaya. Najeriya kuma ana haifar wajen jarirai 150,000 masu sikila duk shekara, da yawansu ko maganin hana zazzaɓi da folik asid sai an yi da gaske. Wannan ne ya fi damuna fiye da maganar kwafin mutum, a ce cutar tamu ce, jinin da aka yi bincike da shi namu ne da na 'yan uwanmu, magani ya fito sai mai rijiyar mai. A can Amurka kuma har an samu kamfanonin da ke tallar za su duba maka 'yan tayin kwalba su gaya maka wanda zai fi tsawo ko ƙwaƙwalwa, Galton ya dawo kenan, sai dai wannan karon ba alƙali, katin banki ne.

Na ce masa ɗana akwai hanyar da wasu ma'aurata ke bi a manyan asibitocin Riyad da Jidda, a haɗa na miji da na matarsa a kwalba a gwada kafin a dasa wanda ba SS ba, malamai da dama sun halatta tunda tsakanin miji da mata ne, amma wahala ce da kuɗi kuma kowane ciki sai an sake, matar ce kuma za ta sha alluran ba kai ba. Ka je ka tambaye ta tukuna, ka kuma je gidan maƙwabcinmu ka kwana ɗaya ranar da ciwon 'yarsa ya tashi. Ya yi shiru yana juya kofin shayi. Hajiya ta ce a yi istihara. Yayata ta tashi ta kwashe kofuna, ta ce ita dai ba za ta kira gidan su yarinyar ba sai bayan Juma'a.