Waiwaye: Yadda wani tsohon littafi ya jefa Jawahirul Ma'ani cikin taƙaddama

A shekarar 1932 aka buga wani tsohon littafi a birnin Fas na Maroko, mai suna Al-Maƙsadul Ahmad. Abdussalam al-Ƙadiri ne ya rubuta shi a kan wani waliyyin Fas, Ahmad bin Abdullahi Ma'an, wanda ya rasu a 1708. Da malamai suka ajiye shi kusa da Jawahirul Ma'ani, wanda Aliyu Harazimi ya tattara a kan Shehu Ahmadu Tijjani wajen 1799, sai ga wurare da dama sun zo iri ɗaya, kusan kalma da kalma. Yabon da aka yi wa halayen Ma'an shi aka ɗora wa Shehu. Ga shi kuwa Ma'an ya kwanta dama kusan shekara talatin kafin a haifi Shehu a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737.

Masu adawa da ɗariƙar Tijjaniyya suka ce ai an kama ɓarawo da kaya a hannu. Malaman Tijjaniyya, irin su Alƙali Ahmad Sukairij, suka mayar da martani. Hujjar masu kare littafin ita ce aron lafazi ba tare da ambaton mai shi ba tsohuwar al'ada ce a rubutun manaƙibi, wato tarihin waliyyai da yabon halayensu, kuma wasiƙun Shehu da amsoshinsa ba daga can aka kwaso su ba.

A ganina, musun aron ɓata baki ne, tunda littattafan biyu suna nan, kowa na iya gwadawa. Sai dai wannan hujja a kan alƙalamin Harazimi ta tsaya. Ginshiƙin ɗariƙar shi ne cewa Shehu ya ga Manzon Allah (SAW) ido biyu a garin Abi Samgun na Aljeriya wajen 1782. Mai binciken tarihi zai iya gaya maka yaushe aka fara rubuta wannan labari da wanda ya rubuta shi, amma ba shi da sikelin auna shi wannan ganin.

A ƙasar Hausa ma rigimar ba ta wannan ƙofa ta shigo ba. Littafin aƙida na Sheikh Abubakar Gumi a 1972 da kafa Izala a Jos a 1978 sun fi karkata ga falalar Salatul Fatihi da batun bidi'a, ba kwatanta shafi da shafi ba. Jawahir kuwa har gobe ana karanta shi a zawiyoyin Kano.