Ma'anar mota mai naɗaɗɗen rufin ƙarfe, da abin da ke sa tsohuwarta ta yi daraja

Mota mai naɗaɗɗen rufin ƙarfe ita ce wadda idan rufinta na rufe ba ka bambanta ta da sauran motoci masu ƙofa biyu, amma da ka danna maɓalli sai murfin but ya ɗaga ta baya, rufin ya karye gida biyu ko uku, ya naɗe ya kwanta a ciki, murfin ya koma, a bar ka da buɗaɗɗiyar mota. A tallan dillalan Amurka da Ingila ana rubuta mata hardtop convertible, Faransawa kuma suna liƙa CC a bayan lambar motar, kamar Peugeot 206 CC. Ana cewa ƙarfe ne, amma sau da yawa alminiyum ne, wani lokacin har da gilashi. Daban take da mai rufin tamfol, kuma daban take da irin tsohuwar Mercedes SL ta shekarun 1990 wadda sai mutum biyu sun ciccibi rufinta sun ajiye a gareji.

Dabarar tsohuwa ce. Wani likitan haƙori Bafaranshe, Georges Paulin, shi ya ƙirƙiro ta, Peugeot kuma ta sayar da ita a shekarun 1930 da sunan Éclipse. Ford ta gwada a Amurka da Skyliner daga 1957 zuwa 1959, ta ƙera kusan 48,000, ta haƙura. Wadda ta farfaɗo da abin ita ce Mercedes SLK ta 1996. Daga nan kowa ya shiga: Lexus SC 430 da Mercedes SL samfurin R230 a 2001, Cadillac XLR, Volvo C70, BMW E93 a 2007, Ferrari California a 2008, BMW Z4 samfurin E89 a 2009.

Yau kusan duk sun tafi. An daina SLC, wato SLK bayan an sauya mata suna, a 2020. Sabuwar SL da ta fito a 2021 ta koma tamfol, kuma Mercedes ta ce hakan ya rage mata kilo 21. BMW ta mayar da Z4 da 4 Series kan tamfol. Ferrari ta maye gurbin Portofino, magajiyar California, da Roma Spider mai tamfol a 2023. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Rufin ƙarfe yana da nauyi, kuma nauyin a sama yake idan an rufe, a can baya idan an naɗe. Yana cinye but: na E93 lita 350 ne, da an sauke rufi ya koma 210. Yana tilasta wa masu zane su kumbura bayan mota. Sannan tamfol na zamani mai ninki uku ko huɗu ya kusa kamo shi wajen tare ƙara da sanyi. Inda dabarar ta rage sosai shi ne motoci masu inji a tsakiya, irin su Ferrari 296 GTS da Corvette C8, domin rufinsu gajere ne.

To daga nan ne zancen darajar ajiya ya taso. Darajar ajiya ita ce kuɗin da masu tara motoci za su biya a kan mota don ita kanta, ba don ta kai su wurin aiki ba. Yawanci motar alfarma tana faɗuwa warwas a shekaru goma zuwa sha biyar na farko, har ta kai inda mai ƙaramin ƙarfi zai iya sayenta amma ba zai iya riƙe ta ba. A wannan matakin ne mafi yawansu suke lalacewa. Waɗanda suka tsallake da lafiyarsu, su ne farashinsu ke tsayawa, wasu kuma su fara hawa. Shekaru ma suna da tasiri a doka: Jamus tana ba mota lambar tarihi mai harafin H idan ta cika shekara 30 kuma tana nan yadda aka ƙera ta, Amurka tana sakin ƙa'idar shigo da mota idan ta kai 25, Ingila tana yafe harajin hanya a 40. Kenan SLK ta farko tana cika sharaɗin Jamus a 2026, R230 kuma sai 2031.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka tunda an daina ƙera rufin, duk motar da ke da shi za ta yi tsada. Ba haka kasuwar take ba. Dubi R230 ɗin kanta. Wadda ta fi kowacce tsada a cikinsu ita ce SL 65 AMG Black Series, guda 350 kacal, kuma ita ce kaɗai aka cire wa naɗaɗɗen rufin aka sa mata tsayayye. Haka BMW M3 ta wancan zamanin: inji ɗaya ne, V8 mai lita 4.0, amma E92 mai tsayayyen rufi ta fi E93 mai naɗewa kuɗi, domin masu neman M3 gudu da sauƙin nauyi suke nema. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne inji, ƙarancin adadi, da takardun kulawa. Rufin kuwa shi ne abin da mai saye yake jin tsoro.

Idan aka auna da wannan, SL 55 AMG mai V8 lita 5.4 da sufacaja tana da makoma, haka SL 65 mai V12 da turbo biyu, domin dokokin hayaƙi sun sa irin waɗannan injina ba za su dawo da yawa ba. Ferrari 458 Speciale A, guda 499, ta riga ta wuce tsarar sauran. California mai giyar hannu, wadda ba a ƙera fiye da 'yan ƙalilan ba, ita ma haka, alhali mai giyar atomatik tana cikin Ferrari mafi araha. SLK 200 ko 230 ta talakawa an ƙera ta da yawa ƙwarai, don haka ba za ta yi daraja ba sai dai mai ƙarancin kilomita da ba ta taɓa ganin tsatsa ba. Lexus SC 430 ta sha ba'a daga 'yan jaridar mota lokacin tana sabuwa, amma a ganina tana cikin waɗanda suka fi dacewa da ajiya, saboda rufinta da ƙananan injinan lantarki yake aiki, babu mai da zai yi yoyo, kuma injinta 3UZ-FE mai lita 4.3 yana da jimiri muddin an canza tayimin bel a kan lokaci, wajen kilomita 145,000. Idan bel ɗin ya tsinke bawul da fistin suna haɗuwa, an shiga babban aiki.

Cadillac XLR darasi ce ta daban. An haɗa ta a Bowling Green ta jihar Kentucky tare da Corvette, kusan 15,000 kawai daga samfurin 2004 zuwa na 2009. Ƙarancin ya isa ya ɗaga ta, amma ya zo da ƙarancin kayan gyara: fitilar baya ko ta gaba idan ta mutu, sai dai a nemi ta gwanjo da tsada. Motar da ba a samun kayanta, masu tara motoci ma suna ja da baya.

Yanzu ga rufin kansa, inda kuɗi ke zurarewa. Na Mercedes da BMW da man haidirolik yake aiki: famfo ɗaya a but, tiyo-tiyo siriri, da silinda masu turawa da kullewa. SLK ta farko tana da silinda 5, R230 tana da 11. Kowace silinda akwai zoben roba a bakinta, kuma shekaru da zafi suna narkar da shi. Wadda ta fi saurin nunawa ita ce ta makullin gaba, a saman gilashi: za ka ga tabon mai a silin, ko ɗigo a kan kujera. Idan ɗaya ta fara, sauran suna kan hanya tunda sa'annin juna ne, don haka masu hankali suna kwance su gaba ɗaya a sake musu zobe. Kada a bar bakanike ya zuba man birki ko man giya a tankin famfon. Mai na musamman ne, wani daban kuma yana kumbura robar.

Ba kowane ƙin motsi ba ne babbar matsala. Rufin yana bin umarnin ƙananan sensa da ke shaida wa kwamfuta an gama wannan mataki a shiga na gaba. Idan ba a ja labulen da ke raba but ba, ba zai motsa ba sam. R230 tana da batir biyu, na tayar da inji a gaba, na sauran kayan lantarki a but, kuma idan na but ya yi sanyi motar tana kashe rufin da kanta. A BMW wayoyin da ke bi ta wurin naɗewa sukan karye a cikin bawonsu saboda yawan lanƙwasa, sai rufi ya tsaya a tsakiyar hanya. A fara da waɗannan kafin a taɓa famfo.

Ruwa shi ne mugun. A R230 ta farko-farko robar gefen gilashin baya tana sakin ruwa cikin but, soson da ke lulluɓe da famfon iska na makullan ƙofa ya sha ya riƙe, famfon ya ƙone. Ita wannan motar kuma tana da wasu abubuwa biyu masu cin kuɗi da ba su shafi rufi ba: shokozoba na haidirolik da ake kira ABC, da birkin lantarki na SBC. Mai saye ya nemi rasit ɗin gyaransu.

Wajen dubawa, a tayar da inji a fili mai lebur, a buɗe rufin a rufe sau uku a jere. R230 mai lafiya tana gamawa cikin daƙiƙa 16, SLK ta farko wajen 25. Jinkiri, tsayawa, ko kukan famfo da ya sauya alama ce mai ya yi ƙasa. A ɗaga kafet ɗin but a taɓa da hannu, a shinshina. A rufe rufin a kwarara masa ruwa da tiyo na minti biyar, sannan a duba gefen gilasai. A dubi tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin rufi hagu da dama: idan ba daidai suke ba, wataƙila an taɓa bugun motar ta baya, kuma fanalbita ba ya iya mayar da saitin da aka yi a masana'anta da ido.

Ga mai shigo da irinta Najeriya ko Nijar ta Kwatano ko daga gwanjon Amurka, a bi lambar casis a tabbatar ba motar ambaliya ba ce, domin famfon rufi a cikin but yake, inda ruwa ke kwanciya. Zafinmu yana gaggauta mutuwar zoben silinda, ƙurar hunturu kuma tana shiga gaɓoɓi ta haɗu da giris ta zama kamar sanfefa. Motar tana son inuwa, a goge robobinta da tsumma mai laima a shafa musu man roba wanda ba na fetur ba kafin damina da bayan hunturu, kuma a motsa rufin aƙalla sau ɗaya a wata ko da ba za a fita da ita ba, don mai ya zagaya ya jiƙa zobban.