Fasto Dimmesdale: ya tuba ko bai tuba ba?

Duk shekara ɗaliban da ke karanta The Scarlet Letter suna kawo min tambayoyi iri ɗaya. Ga amsa a rubuce, kada a sake tambayata.

Wa ya rubuta littafin?

Nathaniel Hawthorne, a 1850. Labarin ya faru ne a Boston ta Amurka, wajajen 1640, zamanin 'yan Puritan masu tsananin addini.

Wane ne uban Pearl?

Fasto Arthur Dimmesdale, wanda ya yi zina da Hester Prynne, matar aure, ta haifi Pearl. Mai wannan tambayar bai kai ƙarshen littafin ba. Koma ka karanta.

Ai tun farko ya faɗa wa jama'a shi mai zunubi ne?

A'a. Ya hau mumbari ya ce shi mugu ne, amma bai ambaci zinar ba, bai ambaci Hester ba. Mutane suka ce tawali'u ne, suka ƙara girmama shi, kuma ya san haka za su ɗauka. Bulalar da yake yi wa kansa a ɗaki da azumin da ya rame shi ba su rage wa Hester ko ƙwayar zarra ba. Ita ke yawo da jan harafin A, alamar zina, a ƙirji shekara 7, shi kuwa sai dafe ƙirji.

To in an tambaye ni a jarrabawa ko ya sami gafara, me zan rubuta?

Kwantar da hankalinka, ba a neman e ko a'a. Wanda ya ce ya samu yana da hujja: bayan huɗubar ranar zaɓe, lokacin da darajarsa ta kai ƙololuwa, ya hau dandamalin da aka tozarta Hester, da rana tsaka, ya kira ta da 'yarsa, ya buɗe ƙirjinsa don a ga tabon zunubinsa. Pearl, wadda ta wanke sumbarsa a rafi a daji, a nan ta sumbace shi.

Amma kada ka yi gaggawa. Ya yi furucin ne mutuwa na bakin ƙofa, bai ɗanɗani kunyar ko ta kwana ɗaya ba. Da Hester ta tambaye shi ko za su haɗu a lahira, bai yi mata alkawari ba, ya tuna mata dokar da suka karya. A babi na 24 ma wasu da suka halarta sun ce ba su ga wani tabo a ƙirjinsa ba. A ganina ya tsira daga ƙarya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma haƙƙin Hester bai biya ba. Kana iya saɓa min, muddin ka kawo hujja daga littafin.

Chillingworth fa?

Mijin Hester ne, ya shiga rigar likita yana cin faston a tsaye don ramuwa. Da faston ya yi furuci, sai Chillingworth ya ce ya kuɓuce masa. Bai cika shekara ba ya mutu, ya bar wa Pearl dukiyarsa.